Tabon Kwalkwali

"Wa ya taɓa min kaya?!"

Ihun da Auta ta kurma sai da ya kori tantabarun maƙwabta daga kan katanga. Ledar hannunta ta suɓuce, ƙananan fitilu da batura suka tarwatse a ƙasa, ko kallonsu ba ta yi ba.

"Umma! Umma!! Wa ya shigar min ɗaki?"

Sulken yana nan tsaye a jikin gunkin tela, daidai inda ta bar shi kafin ta tafi jinyar Yayarta. Amma wallahi ba shi ba ne. Sai ɗaukar ido yake yi, fes, tun daga kafaɗa har ƙwauri, kamar sabuwar mota a gidan dillali.

Wanda bai sani ba zai ce, to meye abin ihu? An gyara miki kaya, ai godiya za ki yi.

To ai nan gizo ke saƙar.

Watanni Auta ta kwashe a wannan ɗan ɗakin ajiyar na bayan gida, tana yanka tabarmar soso irin wadda ake shimfiɗawa a ɗakin motsa jiki. Ta yanka da reza, ta gasa da na'urar hura zafi har ya lanƙwasa, ta manna da gam, yatsunta duk sun yi kanta. Sulken wata jaruma ce ta duniyar taurari da ta ƙirƙira da kanta, shi za ta saka a gasar da matasa ke yi ta shigar jaruman finafinan sararin samaniya. Kuma duk mai wannan sana'a ya sani, haɗa sulke wasa ne, tsufar da shi ne aikin. Tsatsar nan da burushin haƙori ta yayyafa ta. Ƙunar nan da bakin ƙarfe mai zafi ta yi ta. Kowane kwarzane sai da ta zauna ta yi tunanin abin da ya jawo shi. Alƙalan gasa ba sheƙi suke nema ba, so suke ka sa su rantse cewa soso ƙarfe ne da ya je yaƙi ya dawo.

Duk an shafe. Tas!

Umma ta leƙo tana goge hannu da gefen zani.

"Ke lafiyarki? Sai ka ce wadda aka yi wa mutuwa!"

"Wa ya yi wannan, Umma?"

"Yaron nan ne, Mai Sheƙi. Ya zo da mota ya kwashe, jiya ya dawo da su. Ni na buɗe masa da hannuna. Allah Ya yi masa albarka, yanzu ne suka zama kayan mutane. Da fa kamar an tsinto su a bola."

Mai Sheƙi shi ne saurayin Auta, wanda zobensa ke yatsanta. Fentin mota yake yi, kuma a gareji aka laƙaba masa sunan, don motar da ta bi ta hannunsa mace za ta iya ɗaura ɗankwali a jikin ƙofarta.

Auta ta ɗauko kwalkwalin sulken daga kan teburi, ta juya kumatunsa na hagu.

Sumul.

A nan akwai wani sara da ta yanka da kanta. Ya faro daga ƙasan ido, ya gangaro, ya rabu biyu a kan muƙamuƙi. Ba ta auna shi da komai ba sai da madubi, don a fuskarta ta kwafe shi. Tabon gilashin taga ne da ya yanke ta tun tana rarrafe, tabon da ta girma tana ja masa mayafi, tana ba mutane gefen dama. A kan kwalkwalin nan ne kaɗai ta taɓa fito da shi fili, har ta zuba masa ruwan zinare a ciki don ya haska.

Yanzu an cike shi, an goge, an fesa fenti.

"Umma..." muryarta ta dawo can ƙasa. "Kin san abin da kika bari aka yi min?"

"Na bari an yi miki gata! Ke yarinya, mutum ya samu mai sonsa haka..."

Kafin ta rufe baki Auta ta kai ƙofar gida.

* * *

Garejin ya cika da ƙarar kwamfaresa, injin fesa fenti, da warin tina, ruwan tsinka fenti. Mai Sheƙi na durƙushe a gefen wata jar mota, tsumma a hannu, ya hango ta. Ya miƙe da murmushinsa har kunne, irin na wanda ke jiran tukwici.

"Gimbiyata! Kin dawo? Kin gani?"

"Na gani."

"Ya kika gan shi? Wallahi ko motar Oga ban yi wa irin wannan aikin ba. Na sa maganin da ke hana fenti tsagewa a jikin roba, ki lanƙwasa yadda..."

Kwalkwalin ya same shi a ƙirji, tim!

Wani ya kashe kwamfaresa. Gareji ya yi tsit.

"Wa ya aike ka?"

"Auta..."

"Na ce wa ya aike ka, Malam! Na yi maka kama da mai mota? Na kawo maka gyara? Watannina! Barcina! Yatsuna! Ka zo ka shafe su da rana tsaka don kai gwani ne?"

"Ki yi haƙuri, ki sassauta murya, mutane na..."

"Su ji! Ai a gabansu ka fesa!"

A can kan benci, ƙarƙashin rumfa, wata ta gyara zama tana juya cokali a kofi. 'Yar Gwaggonsa ce, mai shagon kayan kwalliya, wadda Mamansa ta daɗe tana yi masa sha'awarta. Kullum sai ta samo dalilin kawo masa abinci gareji, kamar babu masu sayarwa a titin.

"Ayya, Auta, ki bi a hankali mana," ta ce cikin siririyar murya. "Yaya fa bai runtsa ba saboda aikin nan."

"Ke kuma ban kasa da ke ba, kada ki saya."

Ta juya kansa, ta nuna kwalkwalin da ya rungume.

"Tsatsar na yafe. Ƙunar na yafe, jahilci ne. Amma saran kumatun nan... ka san mene ne?"

Ya sunkuyar da kai.

So take ya ce bai sani ba. Wallahi da ya ce bai sani ba, da ta zage shi ta huce.

"Na sani," ya ce.

"Ka... sani?"

"Na san naki ne. Shi ya sa na fara da shi. Na cike shi da fila, na bi da samfefa a hankali har..."

"Fila!" Ta yi wata dariya mai ɗaci. "Abin da kuke cike loɓawar mota da shi? Sannu da ƙoƙari! To ga ni, ɗauko sauran. Ɗauko mana! Ka cike wannan ma, ka goge, ka fesa, ka kai wa Mamanka ta ga ko yanzu na yi!"

Ta fizge mayafin daga kumatunta. Yaran gareji suka kau da kai.

Shi ma ya kau da kai.

Abin da ya ƙarasa ta ke nan.

"Ka gani? Ko kallonsa ba ka iya yi! Tunda muke, ka taɓa zama a haguna? Kullum dama, kullum dama, kamar an kafa ka da ƙusa! Ranar da Mamanka ta ce yarinyar ba laifi, sai dai fuskar, me ka ce? Shiru ka yi! Ashe kana can kana lissafin gwangwanin fila nawa zan ci!"

"Auta, wallahi ba haka ba ne, ki tsaya ki ji..."

"Na ji abin da zan ji."

Zoben ya yi gardama a gaɓar yatsa, ta murɗe shi da ƙarfi har fatar ta yi ja. Akwai buɗaɗɗen gwangwanin baƙin fenti a gefen ƙafarsa.

Tsulum!

"Ka fesa masa shi ma. Kowa ya kama gabansa."

Ta fice tana ji yana kiranta, ba ta waiwaya ba. Sai da ta sha kwana sannan hawayen suka zubo, kuma ba na nadama ba ne, na baƙin ciki ne zalla.

* * *

Gasar saura 'yan kwanaki.

Mai hankali zai ce ta haƙura sai baɗi. Amma Auta zuciya gare ta kamar kuturu, kuma fushi ma makamashi ne in ka san inda za ka zuba shi. Ta kulle kanta a ɗaki, ta ɗauko samfefa mafi kaushi, ta afka wa ƙirjin sulken.

Ƙuuu! Ƙuuu!

"Wannan na Mamanka ne," ta ce tana ƙwarzane kafaɗa.

"Wannan na filarka."

"Wannan kuma na shegen murmushinka!"

Abin haushi, fentin nasa mai kyau ne. Ba ya tsagewa, ba ya ɓarewa, in ta kankare sai wani launin ya leƙo daga ƙasa kamar ƙarfen gaske. Wannan ma ya ƙara mata haushi. Mutum ya cuce ka, kuma ya iya aiki!

Wayarta ta yi ta ruri har ta gaji. Ta kife ta a ƙarƙashin tarin soso.

Umma ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu.

"Yanzu ke Auta, saboda soso za ki kashe aurenki? Soso fa! Abin da ake takawa da ƙafa!"

"Ba soso ba ne, Umma."

"To mene ne? Sa'anninki na can suna haɗa kayan ɗaki, ke kina nan kina haɗa bindigar roba da bututun ruwa. Yaron nan ya gan ki a haka ya ce yana so. Kin san bakin da ya toshe? Kin san maza nawa ne za su..."



"Ƙarasa mana, Umma. Maza nawa ne za su ɗauki mai tabo?"

"Ni ban ce ba."

"Ba sai kin ce ba. Tun ina ƙarama kike ja min mayafi ta hagu in za mu fita. Na gode. Amma ni ba ragowar kasuwa ba ce da za a yi min ragi."

Umma ta juya ta tafi tana share ido da gefen zani. Auta ta ji babu daɗi, amma ba ta bi ta ba.

Washegari da hantsi sai ga baƙuwa. 'Yar Gwaggo ce, ƙamshinta ya riga ta shigowa, ta ɗage siket kada ya taɓa ƙura.

"Na zo duba ki ne, 'yar'uwa. Kai, wannan ɗaki! Ba ya sa ki tari?"

"Faɗi abin da ya kawo ki."

Ta ajiye wata 'yar kwalba a kan teburi.

"Hoda ce mai kauri, sabon kaya. Kyauta na kawo miki. Tunda babu kwalkwali, kuma za ki hau dandamali a gaban jama'a... kin gane ai."

Auta ta kalli kwalbar, ta kalle ta. Sai wani abu ya faɗo mata. Ranar da Mai Sheƙi ya taɓa zuwa da wannan yarinyar ɗakin nan, ta daɗe tana kallon kwalkwalin, sannan ta kalli kumatun Auta, ta yi wani ɗan murmushi.

"Ke ce," Auta ta ce a hankali. "Me kika gaya masa?"

"Ni? Me zan gaya masa?"

"Kifi na ganinki, mai jar koma. Me kika ce masa?"

'Yar Gwaggo ta ɗaga kafaɗa. Mai nasara ba ya iya riƙe baki.

"Gaskiya na gaya masa... da ɗan gishiri. Na ce tun ranar da Mama ta yi maganar fuskarki kike kuka, har kika ɗauki reza kika tsaga kwalkwalinki don haushin kanki. Na ce kin ɓata kayan duka da baƙin fenti saboda baƙin ciki. Na ce in yana sonki ya je ya gyara, ya nuna miki a wurinsa ba ki da aibu. Yaya kuwa kin san shi, ko a titi ya ga kwarzane a motar wani sai hannunsa ya yi ƙaiƙayi."

"Allah Ya isa tsakanina da ke."

"Ni na riƙe masa filar? Da hannunsa ya cike. Ki tambayi kanki me ya sa bai yi gardama ba."

Auta ta ɗauko bindigar jarumarta, doguwa, ta bututun ruwa da soso, ta danna maɓalli. Jajayen fitilu suka kama tun daga gindi har baki, ta yi wani ƙugi.

'Yar Gwaggo ta ƙwalla ƙara ta yi waje, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ki dawo ki ɗauki hodarki!" Auta ta wurga mata kwalbar. "Ki shafa wa zuciyarki, ita ce mai tabo!"

Ta zauna tana haki. Ta so ta ji sanyi, amma ina! Maƙaryaciyar ta faɗi gaskiya guda ɗaya: da hannunsa ya cike. An ce masa tabon ciwo ne, ya yarda nan take, domin shi ma a ransa haka yake gani.

Ta ci gaba da aiki. Ta yanke shawara za ta hau dandamalin nan ba kwalkwali, duk mai kallo ya kalla.

* * *

Ranar gasa da safe, tana tsakar gida tana ɗaura sulken ƙwauri, aka yi sallama.

Ta san muryar. Ba ta amsa ba, Umma ce ta amsa.

Ya shigo ya rame, idanu sun faɗa, rigar aikinsa duk fenti. Kwalkwalin na hannunsa, yana nan da sheƙinsa kamar yadda ta jefe shi da shi.

"Umma, ina kwana. Don Allah ki ba ni izini in yi magana da ita a gabanki."

"Ni ba ni da magana da kai," in ji Auta, tana jan igiya kamar za ta tsinka ta.

"To ki ji kawai. Na san abin da 'yar Gwaggo ta yi, da bakinta ta faɗa a gaban Mama da na ritsa ta. Amma ban zo in ɗora mata ba. Ni na yi. Tun ina yaro aka koya min duk abin da ya tsage a cike shi, ban taɓa tsayawa na tambaya ko mai abin yana son tsagarsa ba."

"Ka gama?"

"Na kuma gaya wa Mama, in ba ke ba, to ta cire rai da ganin aurena. Na ce maganar da ta yi a kan fuskarki, shirun da na yi ya fi ta muni."

"Ka makara."

"Na sani." Ya miƙo kwalkwalin. "Ban taɓa shi ba. Na yi ta ɗaukar reza ina ajiyewa. Na ce ba zan sake sa hannu a kayanki ba sai kin ce."

Auta ta miƙe. Sulken ya yi mata kyau ƙwarai, baƙi, ƙonanne, duk tsatsa, sai ka rantse daga fagen fama ta fito.

"Reza?" ta ce. "Kai? Za ka iya yanka fentinka?"

"In kin ce."

"Kuma me za ka yanka? Ka san yadda yake ne? Mutumin da ko kallonsa ba ya yi!"

"Ba ni rezar."

Ta zuba masa ido. Sai ta zaro reza daga aljihun sulken ta dangwara masa a hannu. Ta ja mayafi ta rufe kumatunta ruf, ta juya masa baya.

"Yanka. Ba madubi, ba hoto, ba kallona. In ka kuskure ko da faɗin gashi ne, ka fita, kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan."

"Auta!" in ji Umma. "Wannan wace irin mugunta ce?"

"Ki bar ta, Umma," ya ce.

Ya zauna a ƙasa, ya ɗora kwalkwalin a gwiwa. Auta na jin numfashinsa. Tsakar gidan ta yi shiru, sai famfo da ke ɗiga a bokiti.

Mutumin da ko ƙuda ya sauka a ɗanyen fentinsa sai ya sake aikin daga farko!

Ƙiiii...

Ƙarar rezar a jikin fentin ta ratsa ta har haƙori. Ta runtse ido. Ta ji ya tsaya, ya ja numfashi, ya ci gaba. Ta ji inda ya lanƙwasa. Ta ji inda ya ɗaga hannu ya sake sawa.

"Na gama."

Ta juyo a fusace, ta fizge kwalkwalin, tana neman kuskure kamar mai neman allura.

Ya faro daga ƙasan ido. Ya gangaro, da 'yar karkatar nan da ke tsakiya. Ya rabu biyu a kan muƙamuƙi, reshen gaba ya fi na baya tsawo.

Amma sai idonta ya kai can ƙarshe, ta ga wani ɗan siririn layi da ya ɗora, ya lanƙwasa ya shige ƙarƙashin kunne.

"Ka faɗi!" ta ce, ita kanta ba ta san ko murna take ko kuka ba. "Wannan fa? Babu wannan! Ni da fuskata? Ka ƙara abin da babu. Fita!"

"Akwai shi."

"Na ce babu!"

"Akwai, Auta. Fari ne, siriri, ba shi da tudu, yatsa ba ya jin sa. Madubi ba ya kaiwa nan. Sai kin sunkuya kina yanka soso, mayafinki ya zame, ni kuma ina tsaye a bayanki."

"Ƙarya kake..."

"Ba ƙarya yake ba."

Umma ce. Ta matso, ta sa hannu ta janye mayafin da ita ta koya mata ja, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kunnenta.

"Ga shi nan. Ɗinkin ƙarshe ne, likita ya ce shi zai ɓace, bai ɓace duka ba. Ni kaina na manta da shi, 'yar nan." Muryarta ta karye. "Ni da na haife ki na manta, shi bai manta ba."

Auta ta tsaya kamar an dasa ta.

"To... to me ya sa kake kau da kai?" ta ce da ƙyar. "Me ya sa kullum dama?"

"Ranar da na fara zuwa wurinki, a hagunki na zauna. Kika tashi kika zagaya. Kika ce kin tsani mai ƙura miki ido. Tun ranar nake satar kallo kamar ɓarawo." Ya share fuska da hannun riga. "Na zaci ba ki son sa ne, Gimbiyata. Ni kuwa ban san fuskarki ba tare da shi ba, kuma ba na son in sani."

Hawaye suka ɓalle mata. Ta kai masa duka a kafaɗa da safar sulke.

"Mugu! Azzalumi! Ka bari na yi ta zaginka kwana da kwanaki!"

"Na cancanta."

"Ka cancanta mana! Kuma ban huce ba!"

"Na sani, ranki ya daɗe."

"Kuma ka sake taɓa min kaya, wallahi motar Oganka zan bi da samfefa tun daga gaba har baya!"

"Ni zan riƙe miki samfefar."

Umma ta yi dariya cikin hawaye. "Ku dai Allah Ya shirye ku. Garin gyaran gira kun kusa rasa ido."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu a ƙulle cikin tsumma. Zoben ne. Ya tsamo shi daga gwangwanin, amma baƙin fenti ya bushe a cikin zanensa, duk ya yi dabbare-dabbare.

"Da tina zai fita yanzu-yanzu," ya ce yana kallonta a tsorace. "Amma... ban goge ba. Na ce sai na tambaya."

Auta ta karɓa ta juya shi a rana. Baƙin ya shiga kowane lungu, zanen furen da da ba a gani sosai yanzu ya fito raɗau.

"Ka fara hankali," ta ce, ta zura shi a yatsa. "Bar shi haka. Tashi ka ɗauko min burushi da ruwan zinare, lokaci na tafiya. Kwalkwalin nan sai ya tsufa kafin mu isa."

A bayan motar gareji suka ƙarasa shi a kan hanyar zuwa gasar, tana ba da umarni, yana ƙwarzane fentinsa da hannunsa yana cije leɓe kamar ana cire masa haƙori.

Da aka kira ta, ta hau dandamali da kwalkwalin a kai, bindiga na walƙiya, zauren ya ɗauki tafi. Da ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta cire shi, ta riƙe a gefen fuskarta, ta juya wa jama'a hagunta.

Tabo biyu, iri ɗaya.

Zauren ya yi tsit, sannan ya fashe.

Ta biyu ta zo. Wani mai fukafukan ƙarfe ne ya zo na ɗaya, kuma har gobe Auta na cewa alƙalan nan ba su da ido. Ranar ɗaurin aurensu ma sai da ta tayar da maganar. Mamansa, wadda ta zo da kanta ta ba da haƙuri kafin bikin, ta ce lallai an yi wa surukarta rashin adalci, ko da yake har yau ba ta gane me ake yi a gasar ba.

Amma a ranar gasar, da ta sauko daga dandamali gumi na zuba, ta samu benci ta zauna. Mai Sheƙi ya taho da ruwa a hannu, ya nufi damanta kamar yadda ya saba.

Ta ɗora kwalkwalin a wurin.

"An kama nan," ta ce tana hararsa.

Ta matsa, ta bar masa wuri a hagunta.